Ranar da Na Gyara wa Bature Ruwan Inabi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa kashe wa ƙanena Bulus aure, ni da nake yayarsa, uwa da uba a nan Kuala Lumpur.

Budurwarsa Ana 'yar Ostireliya ce, mahaifinta ya zo ganin danginmu, dangin kuwa ni ce kaɗai. Na yi sammakon kasuwar Chow Kit, na sayo ganyen zoɓo da citta da abarba, na tuƙa tuwo a ɗan gidana na unguwar Sentul. Tsoho ya shigo tare da Ana da Bulus, rungume da kwalbar farin ruwan inabi, ya miƙa mini da hannu biyu. Ya yi dogon bayani a kan gonar inabinsu da kakansa ya dasa, ni kuwa hankalina na kan miya.

A kicin na buɗe na ɗanɗana (mu 'yan Kafanchan mun saba da mai zaƙi irin na biki). Tsami! Na ce wayyo, zafin Maleshiya ya lalata wa bawan Allah tsaraba. To, ana barin baƙo ya ji kunya? Don in rufa masa asiri, na tuttule kwalbar cikin zoɓo, na ƙara sukari da ƙanƙara, na fito ina taƙama.

Muna cikin ci Bulus ya ce, "Yaya, kawo kwalbar mana, Baba zai buɗe da kansa. Ita ce best ɗinsu, sai bikin 'ya'ya ake fito da ita."

Na nuna jug da cokali. Har da ƙarin bayani, wai ta ɗan lalace amma na gyara.

Ita kuwa Ana, sai ta rufe baki. Bulus ya dube ni kamar na ƙona masa takardun makaranta. Na so ƙasa ta tsage. Tsoho ya ɗaga kofi, ya sunsuna, ya kurɓa. Sai ya tambayi dalili, Bulus ya fassara masa rufin asiri da ƙyar. Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya ce gidan da ake ɓoye kunyar baƙo, zai iya barin 'yarsa a ciki.

An yi aure, har da 'ya'ya. Duk Kirsimeti yakan aiko da kwalba biyu: mai kyau ta Bulus, mai araha tawa, ta zoɓo. Ni kuma na koyi cewa kafin ka rufa wa mutum asiri, ka fara tabbatarwa a buɗe yake.