Ƙanin Matata Ya Ci Shari'a

Yau a bencin kotu na wuni, jama'a, har ƙafata ta yi sanyi. Ƙanin matata na raka, mai walda, wanda ya ƙera injin ɓare masara da ake tuƙawa da ƙafa. Ya yi masa rajista, aka ba shi takarda cewa ƙirƙirarsa ce. Kafin ya sayar da na kirki, wani babban kamfani ya kwaikwaya ya cika kasuwa.

Sai ya kai su ƙara. Da aka fara shari'ar aka ce ya kawo shaida. Lauyan kamfani ya zo da hoto. Ƙanin matata kuwa, bawan Allah, ya ɗauko hayar mota ya kwaso injin, da mazubin haƙoransa, da duk kayan awo. Magatakarda ya manna musu lamba ya kulle a sito. Tun ɗiyarsa na goye ake ɗage zama, yanzu ita ke kai ƙannenta makaranta. Faci da gyaran ƙofa ke riƙe da shagon, mai shago kuma ya fara kawo masu neman haya su duba.

Yau dai Mai Girma Mai Shari'a ya tabbatar an ci haƙƙinsa. Na miƙe zan yi murna, ɗan sanda ya zaunar da ni. Saura maganar diyya. Mai Girma ya juya ga ƙanin matata.

"Inji nawa ka sayar tun da aka shigar da ƙara?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Kayan aikina suna wajenku."

"To, wanda ba ya ciniki, wane ciniki aka ƙwace masa?"

Aka rubuta babu asara. Lauyanmu ya roƙi a hana kamfanin ƙerawa. Mai Girma ya ce manoma na buƙatar injin, mai ƙara kuma ba ya yi, saboda haka hanin zai cutar da al'umma. Ni dai ban taɓa jin an tuna da al'umma da sauri haka ba, Allah ya ƙara basira.

A bakin ƙofa lauyan kamfani ya miƙo masa kati, ya ce suna neman masu walda, amma sai an fara koya masa yadda ake haɗa injin, a yi masa jarrabawa. Raina ya ɓaci, na ce ya yaga.

"Yaya, yara za su ci abinci," ya ce, ya sa a aljihu.

Ina dai yi masa addu'a ya ci jarrabawar, don an ce injin na da wuyar ganewa.