Biyar Sun Fi Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so mantawar ma, hanyar Mai'adua ba za ta bar ni ba. Lokacin da aka rufe boda ne, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, duk majalisar da ka zauna a Daura maganar ke nan. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga jami'a ba da digirin falsafa (har yau Inna cewa take gardama na karanto), ina koyarwa a wata sakandare. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake musu babu tsari, kowa ya ɗaga murya, a watse ba a gane komai ba. A ganina maganin yana cikin kaina, jira kawai nake a tambaye ni.

Da na ga babu mai niyyar tambayata, sai na ba kaina dama a wajen ɗaurin auren abokin aikina, Malam Nura, can a Mai'adua, bakin boda. An shafa fatiha, an raba goro da dabino, muna zaune a rumfa muna jiran abinci, sai musun ya tashi. Wani ɗan kasuwa na cewa zalunci ne a raba mutum da 'yan uwansa da kasuwarsa, wani ma'aikaci kuma na cewa ai manoman shinkafa sun samu abin da suka daɗe suna nema. Na gyara zaman hula, na gyara murya, na ce su ba ni minti biyu in raba musu gardamar.

Na ce su ɗauka babbar mota ce birkinta ya tsinke a gangare. Gabanta mutum biyar, a gefen hanya mutum ɗaya. In direba ya miƙe, biyar sun tafi. In ya karkata, ɗaya ne. Na bayyana musu cewa haka mulki yake, ana duba abin da zai amfani mafi yawa ne, don haka in 'yan fasa-ƙwauri kaɗan sun ji jiki saboda ɗimbin manoma su tsira, hankali ya yarda. Don in ƙara wa zancen armashi, sai na nuna wani dattijo da ke gefe yana jan carbi, goronsa na gabansa bai ko taɓa ba.

"Baba, a ce kai ne direban. Ina za ka karkata?"

Rumfar ta yi tsit. (Wallahi na zaci zurfin maganata ne ya ratsa su.) Malam Nura ya taka mini ƙafa, na janye ta, ina tsammanin cunkoso ne.

Dattijon ya dube ni, ya tambaye ni ko wane ne wannan ɗayan da na tsayar a gefen hanya. Na yi murmushi, na ce ai misali ne, ba shi da ko suna.

"Yana da suna, Malam," in ji shi. "Habu sunansa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce Habu ɗansa ne, acaɓa yake yi. Da fasinja suka ɗauke, sai ya fara ɗauko shinkafa buhu bibbiyu daga tsallaken boda ta hanyar daji. Rannan 'yan kwastam suka biyo shi, ya faɗa kwazazzabo da mashin, wuyansa ya karye. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, ko arba'in ba a yi ba. Shi ma da ba don shi ne waliyyin amarya ba, da bai fito ba.

"Ban ce a take biyar ɗin ba," ya ce. "Amma ku masu wannan lissafin, ban taɓa jin wanda ya tsayar da ɗansa a gefen hanyar ba."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa na ji bakina da kansa yana cewa, "Allah ya ji ƙansa, Baba, amma dai a ƙa'idance..." Ban ƙarasa ba, don babu abin ƙarasawa. Dattijon ya jawo takalmansa ya fita, mutum huɗu suka bi shi. Aka kawo shinkafar biki aka ajiye a gabana, babu wanda ya sa hannu a farantina.

Bayan mako guda na lallaɓi Malam Nura ya raka ni ta'aziyya. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa, muka yi addu'a. Da na fara ba da haƙuri, sai ya ce ba komai, ƙuruciya ce. Mashin ɗin na jingine a zaure, gabansa a lanƙwashe, duk zaman nan na rasa inda zan sa idona.

A hanyar komawa Daura na tuna cewa a aji uku na jami'a an koya mana wani ra'ayin: wai kafin ka yarda da doka, ka ɗauka ba ka san a wane ɓangare za ka faɗo ba. Na ci jarrabawar nan da kyau, har na yi wa wasu bita. Ga wanda bai taɓa shiga aji ba ya karanta mini shi cikin numfashi ɗaya, a gaban surukan abokina.

Ban ce falsafa ba ta da amfani ba. Ita ta nuna mini cewa ɗan kasuwan nan da ma'aikacin kowa na riƙe da rabin gaskiya. Sai dai na gane cewa kafin ka mayar da mutum misali, ka fara tambaya ko an yi rasuwa a gidansu. Yanzu in musu ya tashi a wajen biki, cika bakina nake da abinci, kuma har yau ban ji wanda ya koka da rashin ra'ayina ba.