Zoɓon da Na Yi wa Kirari a Dubai

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da bakina ya kai ni ƙasa a gaban yayan matata. Ni dai na daɗe a Dubai, ina aikin kago a Al Ras: ɗaure kaya, rubuta suna a jikin buhu da alƙalamin maka, lodi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma wajen zagin Kano kam, digiri gare ni. Wuta babu, ruwa babu, kwata ta cika titi. Kullum wannan ce hirata a ɗakinmu na Muraqqabat, har abokan kwana suka daina tanka mini.

Sai ga Yaya Alhaji ya zo saro kaya, ya kuma zo da saƙon gida: in tattara in koma, ya ba ni shago. Na ce a raina sai na nuna wa mutumin nan abin da ake kira gari, ya daina wannan magana har abada.

Lokacin ana bikin haɗa abin sha a harabar wani otal, inda gwanaye ke gwada basira. Na saka kwat ɗin aro (hannunta ya rufe mini yatsu), na ja Yaya ɓangaren da ba barasa, don kar ya kai rahotona gida. Wani ɗan Filifin ya girgiza wani abu a gwangwani, ya zuba a kofin gilashi mai dogon wuya. Ja wur, ga ƙanƙara, ga ganye a kai, har da hayaƙi yana tashi.

Na kurɓa, na lumshe ido. Na ce, "Yaya, ka ji aikin mutane! Ko Kano za ta shekara dubu, wallahi ba za ta iya haɗa wannan ba."

Ya kurɓa, ya tauna baki. "Kai, wannan ai zoɓo ne."

"Don Allah, Yaya, rage murya. Kar ka ba mu kunya."

"Zoɓo ne da citta da kanumfari. Na Hajiyarmu ma ya fi shi yaji."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga hannu na kira mai haɗin da ƙarfi, "Habibi! Zo ka gaya wa wannan baƙauyen!" (Baƙauye fa na ce, ga mutumin da ya ba ni ƙanwarsa.) Mutane suka juyo. Na tambaye shi da guntun Turancina daga wace ƙasar Turawa ake kawo wannan abu. Bawan Allah ya yi murmushi, ya sunkuya ƙarƙashin teburi, ya jawo buhu rabi.

Busasshen zoɓo ne, na Dawanau. Kuma a jikin buhun ga KANO da baƙar maka, harafin N ɗin a juye. Duk Al Ras mutum ɗaya ne ke juya N. Ni na sauke buhun nan da kafaɗata, ina mitar wane mahaukaci ne ke jigilar ganyen miya zuwa Dubai.

Yaya ya dubi buhun, ya dube ni. "Rubutun nan kamar na san mai shi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ka san mara kunya: da na ga Turawa suna ɗaukar hoton buhun, sai na ji ƙirjina na kumbura. Na tsinci kaina ina dukan ƙirji ina cewa, "Garinmu ne! Ni ɗan can ne!" Har ina koya wa wata Baturiya yadda muke fasa ƙullin ledar zoɓo da haƙori mu tsotse.

A jirgin metiro, da muka kusa sauka, Yaya ya juyo gare ni. "To, ɗan Kano, baƙauye zai riƙe maka shagon zuwa bayan Sallah."

Na ce to, a hankali.

Abin da na koya shi ne, ashe ban taɓa ƙin Kano ba. Jira kawai nake wani ya zuba mini ita a kofin gilashi.