Muryar da Ke Tayar da Iya Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Dogo mai kai burodi shaguna yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar hon ɗin motarsa. Marigayin ya suma ranar Talata da la'asar, a ƙofar gida, ya cika washegari a hannun mai gyara, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya kula da ita. Ya rasu yana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Duk wanda ya san marigayin ya san ba mai surutu ba ne. Bai taɓa zagin mai keke ba, bai taɓa daka wa mai tallan kaya tsawa ba. Muryarsa kauri gare ta, da ɗan dishi a ƙarshe irin na dattijo mai mura. "Baam, bam-bam." Doguwa ɗaya, gajeru biyu, ya gama magana.

Babban aikinsa kuwa a gida yake. Mashigar gidan su Dogo gangara ce, ba ta da ƙyaure, kuma sai mota ta karya kwanar katanga kafin direba ya hango rumfar da ake ajiye ta. A ƙarƙashin wannan rumfa Iya, mahaifiyar Dogo, take shimfiɗa tabarma tun bayan azahar, don nan ne kawai iska ke ratsawa. Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe mata gani. Hon ɗari zai wuce a titi, ko gezau ba ta yi. Sai ta ji dishin nan take naɗe tabarma, ta lalubi bango, ta koma kan dakali. Babu wanda ya zauna ya tsara haka. Sabo ne kawai ya yi ta tafiya, har aka daina leƙa rumfar, har ƙafar direba ta manta da birki a kwanar.

Ciwon ya fara tun damina. Murya ta shaƙe, wani lokaci sai an danna sau biyu. Dogo, mutumin da ke jin ƙusa ɗaya in ta kwance a jikin mota, ya ce sanyi ne, zai sake shi. Yakan buɗe bonet ya ɗan ƙwanƙwashe shi da bayan sifana, marigayin ya yi tari ya koma aiki. Wannan laifin Dogo bai ɗora wa kowa ba.

Ranar Talata ya danna a saman gangara, shiru. Ya sake dannawa, mota ta riga ta sha kwana. Shi kansa bai san lokacin da ya taka birki ba. Da ya fito, gefen tabarmar na ƙarƙashin taya, Iya na kishingiɗe tana fifita. Ta ɗago kai ta ce, "Wane ne yake hura min zafi haka?"

Washegari aka garzaya da mara lafiyar wurin Rewaya, mai gyaran wayoyin mota, kuma a shaide shi, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya zare fis ya ɗaga shi a rana, lafiyarsa ƙalau. Ya sa Dogo ya danna sitiyari, shi kuma ya kara kunne a jikin rile, ɗan akwatin da ke tura wa hon wuta, ya ji "ƙyat, ƙyat", alamar saƙo yana fita. Ya bi waya da ɗan ƙwan gwaji har bakin hon, wuta tana isowa. Ya kankare tsatsar inda aka ɗaure shi, ya mayar, shiru. Daga ƙarshe ya kwanto shi, ya haɗa shi da batir kai tsaye. Marigayin ya ce, "Tik." Ita ce kalmarsa ta ƙarshe.

Rewaya ya jijjiga gawar, jan ruwa ya zubo daga bakinta. Ya ce, "Maigida, sai haƙuri. Wanda ya ɗaura shi tun farko ya bar bakinsa na kallon sama. Duk wankin da ka yi wa motar nan, shi yake sha."

Marigayin ya bar fis da rile cikin ƙoshin lafiya, da sitiyarin da tsakiyarsa ta koɗe, da magajin da aka naɗa a ranar, sabo fil, mai siririyar murya. "Fiiit!" Kwana uku Dogo yana tsayawa a saman gangara yana danna shi. Iya ba ta ko motsa ba. Da aka yi mata bayani sai ta ce, "Ku raba ni da shirme. Wannan ta maƙwabta ce, na san muryar motar ɗana." Matar Dogo ta ɓoye tabarmar, Iya ta shimfiɗa zani.

Daga yau Asabar zagayen kai burodi na yamma na Auta ne, ƙanen Dogo, wanda ke shan kwanar nan da hannu ɗaya. An gaya masa komai. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, hon ai hon ne." Shi kuwa Dogo ba ya jin kunyar cewa tsoro yake ji.

Saboda haka za a yi jana'iza yau da ƙarfe huɗu saura kwata, a mashigar gida. Za a ɗora gawar a kan kujera a tsakiyar hanya. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da ƙafa, su yi sahu daga katanga zuwa katanga, kuma kada wanda ya matsa in ya ji "fiiit" a bayansa. Gobe ma za a sake, jibi ma haka, domin ba a sa ranar tashi daga zaman makokin ba.

Iya ba za ta samu halarta ba. Tana ƙarƙashin rumfa. An je kiranta ta ce a ƙyale ta, in mai dishin nan ya iso zai yi mata magana.