Takardarsu Ta Yi Fari, Rijiyarmu Ta Mutu

Jiya uwar 'ya'yana ta miƙo min shuɗiyar rigata daga igiyar shanya, na ganta dabbare-dabbare kamar zabuwa. Na buɗe baki zan yi faɗa, ta ce, "Malam, kar ma ka fara. Je ka tambayi rijiyarka."

Rijiyar nan ita muke sha, tunda famfon da aka yi mana alkawari har yau bai fito daga cikin jawabi ba. Bayan katangarmu kuwa akwai masana'antar da ke tara tsofaffin jaridu da kwalaye, ta jiƙa su, ta dama su su zama taɓo, ta zuba maganin sa fari, ta fitar da sabuwar takarda. Da can muna zaune lafiya, takardarsu ruwan toka, ruwanmu garau.

Sai ranka ya daɗe, Sarkin Yanke Ƙyalle, babban nan da ba ya rasa bikin buɗe aiki, ya kai musu ziyara. Ya ɗauki takarda ɗaya, ya kara ta da farar rigarsa, ya yatsine fuska. Wai sa hannunsa ba zai hau abu mai duhu ba. Nan take aka ninka magani. Ruwan da aka ɗauraye taɓon da shi kuwa aka sake shi a kwata, ita kuma kwatar ta san hanyar rijiyarmu.

Autata ta kwana biyu tana murƙususun ciki. Raina ya ɓaci, na ja maƙwabcina tela muka kai kuka.

Allah ya saka wa manya, sun turo mana Babban Mai Leƙe. Ya leƙa rijiyar yana toshe hanci da hankici, ya ce, "Ai wannan ruwa ma ya fi na da tsabta. Ba ku ji ƙamshin magani ba?"

Tela ya ja guga, ya cika kofi. "To bismilla, yallaɓai, a jiƙa maƙoshi."

"A'a, likita ya hana ni ruwan sanyi," in ji shi, ya zaro gorar ruwa mai raɓa daga mota.

Yau da safe na kafa wa bakin rijiyar katako da ƙusa. Mahaifina ne ya haƙa ta da hannunsa, kuma wallahi sai da na yi ƙwalla.

Mai karatu, in ka ga shafin nan fari tas, kar ka gode wa kowa sai mu. Amma don Allah, in za ka juya shi, kar ka lashi yatsa.