Dashen Gashin Da Ya Kusa Ɗaga Bikin Fa'iza

Ba zan taɓa mantawa da makon da na yi jinyar cutar da ba ni da ita ba, kuma ko na so mantawar, mutanen lungunmu a Zaitawa ba za su bar ni ba.

Abin ya samo asali ne daga wata Hajiya da ta zo sayen atamfa a shagona. Ana zafi, an ɗauke wuta, na cire hula ina fifita da ita. Matar nan, wadda na rantse ta ba ni shekara goma, ta dubi tsakiyar kaina ta ce, "Baba, a yi min ragi mana." Baba! Ni da ko arba'in da biyar ban cika ba. Mutane na cewa sanƙo alamar arziki ne. Ni dai sanƙon ya iso da wuri, arzikin kuwa har yau yana hanya.

Da tafiyar saro kaya ta kai ni Turkiyya, sai na ware kwana uku na shiga wani asibiti da ke dashen gashi. Ga wanda bai sani ba, daga ƙeyarka ake tsinto gashin ɗaya bayan ɗaya da saiwarsa, a huhhuda inda ya ƙwaƙule a dasa. Da aka gama, likita ya jero min dokoki ta bakin tafinta: kada in sosa, kada rana ta taɓa wurin, kada in sunkuyar da kai na 'yan kwanaki ko da sujada ce, in riƙa barci a kishingiɗe, in riƙa fesa wa kan ruwan gishiri a kai a kai. Sannan ya ce kada in sa hula. A nan na gane mutumin bai san Kano ba. Magidanci ya fita ba hula a cikin birni? Ai gara ya fita ba takalmi. A madadinta ya ba ni wata baƙar malafa mai laushi, irin wadda Turawa ke sawa in za su kama kifi.

Mota ba ta shiga lungunmu, don haka da ƙafa na ratsa shi da rana tsaka, kaftani har ƙasa, malafa a sama, bandeji yana leƙowa ta ƙeya. Na shige gida kamar wanda aka biyo.

Matata Binta ta ɗaga malafar, ta duba, ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta lafa na ce, "Ki rufa min asiri. Duk wanda ya tambaya, ki ce an yi min ɗan aiki ne a kai, likita ya ce in huta."

Ta ce, "Alhaji, ɗan aiki a kai? Haka zan faɗa?"

Na ce, "Ai ba ƙarya ba ce."

Haka ta faɗa wa maƙwabciyarmu ta kan katanga. Kafin la'asar "ɗan" ya faɗi a hanya. Kafin magariba an buɗe min ƙwaƙwalwa an ciro ƙari. (Daga baya na ji cewa a Madabo ƙarin ya kai girman ƙwan zabuwa, a Gwale kuwa ya kai lemon zaƙi.)

Kamar jikina ya haɗa baki da masu yaɗa labarin, a kwana na huɗu kumburin da likita ya ce zai zo ya zo. Ya fara daga goshi, ya gangaro ya rufe min idanu, na koma kamar wanda ya yi kokawa da amyar zuma. A ranar mahaifiyata, Hajiya, ta iso daga Madabo. Ta tarar da ni a kan kujera ina sallar azahar da nuni, fuska ta yi suntum, kai duk ɗigo-ɗigon jini ya bushe. Ta saki jakarta ta fashe da kuka.

"Ɗan nan, haka ka tafi ƙasar mutane aka fasa maka kai, ba ka ko ce in yi maka addu'a ba?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki zan faɗa, wallahi na buɗe. Sai ta fito da kular farfesun kaza mai zafi, irin wanda rabona da shi daga hannunta tun ina sakandare. Na rufe bakin, na sake buɗe shi don wani dalilin.

Daga nan 'yan dubiya suka ɓalle. Kuma tunda yau ranar tonon silili ce, bari in faɗa: abin ya yi min daɗi. Na koyi wata 'yar siririyar murya ta marasa lafiya, ina amsa "Ya jiki?" da "Da sauƙi... alhamdu lillahi," ina jan numfashi a tsakani. Malam Hadi, maƙwabcina da muka shekara shida ba ma gaisawa saboda rigimar kwata, ya zo ya durƙusa a gabana idonsa ya yi ja. Ya ce, "Duniyar nan ba komai ba ce. Ka yafe min." Na ɗora masa hannu a kafaɗa kamar wani waliyyi na ce, "Na yafe, Malam Hadi. Duk mai rai mamaci ne." Bayan sallar magariba kuwa na ji liman ta lasifika yana roƙa wa "ɗan'uwanmu da aka yi wa aikin ƙwaƙwalwa" lafiya. Jama'a suka amsa da amin. Ni ma daga ɗaki na amsa. Binta ta harare ni ta ce, "Kai ko tsoron Allah ba ka ji."

Abin da na manta a lissafina shi ne bikin Fa'iza, 'yar yayana Sani. Saura kwana biyar ɗaurin aure, kuma ni ne baffanta, ni zan ba da aurenta. An raba kati, an kama wurin walima, 'yan'uwa sun fara sauka daga Zariya.

Ranar Litinin da hantsi aka yi sallama. Na fito soro da malafata na tarar da shi cike: Yaya Sani, liman, Malam Hadi, Baba Ilu wanzamin gidanmu da ya yi mana askin suna duka, da wani dattijo, Alhaji Mudi, kawun ango, wanda kunnensa ya yi nauyi. Hajiya da Binta da sauran mata suna tsakar gida, labule kawai ya raba mu.

Yaya Sani ya gyara murya ya ce, "Mun zauna da dangin ango. Ba zai yiwu kana kwance rai a hannun Allah mu kuma muna kiɗa ba. An ɗaga bikin sai yadda hali ya yi. Yarinyar ta yi kuka, amma ta ce lafiyar Baffa ta fi mata komai."

Na yi amfani da siririyar muryata na ce, "Yaya, kada a ɗaga... zan daure."

Liman ya ce, "Allahu akbar. Ku ji ƙarfin hali."

Daidai nan wayata ta yi ƙara, lokacin feshi ya yi. Ga shi kan yana min wani irin ƙaiƙayi kamar tururuwa na taro a ciki. Ban san lokacin da na cire malafar na ciro 'yar kwalbar na fara fesawa ba, fis, fis, fis.

Malam Hadi ya ce cikin girmamawa, "Zamzam ne?"

Kafin in buɗe baki, Baba Ilu ya riga ya taso. Ya zagaya bayana, ya sunkuyo, ya kawo idonsa dab da kaina har ina jin numfashinsa. Ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ikon Allah. Ni dai shekarata hamsin ina riƙe da kawunan mutane, na ga wanda aka yi wa ɗinki, na ga wanda aka sara. Nan ban ga inda aka tsaga ba. Layi-layi nake gani, kamar an yi dashen albasa a fadama. Kai, wannan ba gashi ba ne a tsaitsaye? Ai wurin nan na san shi, ya fi shekara goma ba abin da aska ke samu."

Ta bayan labule na ji muryar Binta ƙasa-ƙasa: "Ka faɗa, ko in faɗa."

Na tuna Fa'iza, yarinyar da ta yi kuka saboda ni, na ga ba sauran wurin ɓuya. Na dubi tabarma na ce, da muryata ta gaskiya wadda na kwana bakwai ban yi amfani da ita ba, "Ba ƙwaƙwalwa ba ce. Gashi aka dasa min."

Sai Alhaji Mudi ya kara hannu a kunne ya ce, "Me ya ce?"

Yaya Sani ya ce a hankali, "Wai gashi aka dasa masa."

"Gashi? Na wace kaza? A wannan halin har yana iya cin gashi?"

"Ba gasasshen nama ba, Alhaji. Suma! Sumar kai!"

"Ya suma? Inna lillahi! Yaushe?"

Nan haƙurin Yaya ya ƙare. Ya miƙe tsaye, ya nuna kaina da yatsa, ya ɗaga murya yadda har masu wucewa a lungu suka tsaya: "SANƘO GARE SHI, YA JE TURKIYYA AN SHUKA MASA GASHI! LAFIYARSA ƘALAU!"

Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Baba Ilu ya koma ya zauna yana girgiza kai yana cewa, "Mu muna cirewa, wasu suna mayarwa." Malam Hadi ya miƙe ya zura takalmansa, sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Maganar kwata tana nan."

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya biyo baya. Labule ya ɗaga, Hajiya ta leƙo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kajina uku. Har da mai kwanci. Saboda gashi."

Ba a ɗaga bikin ba. Ranar Asabar na zauna a sahun gaba cikin babbar riga mai aiki, a kaina malafar masu kamun kifi, na ba da auren Fa'iza a gaban jama'ar unguwa uku. Duk wanda ya zo gaisawa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ya jiki?" sannan ya saci kallon sama ya ƙara da, "Ya kuma yabanya?" Fa'iza kam ta yafe min, amma sai da ta sa na ɗauki hoto da ita ba malafa.

A mako na uku gashin da aka dasa ya zube kaf. Likita ya ce haka yake yi kafin sabo ya tsiro, amma je ka yi wa Zaitawa wannan bayanin. A majalisar ƙofar masallaci aka yanke hukunci cewa iri ne bai karɓi ƙasar ba. Sai bayan wata biyar ya fara fitowa, yanzu kam ya cika, baƙi wuluk, har ina taje shi. Matsalar ɗaya ce: daga asuba zuwa isha hula ce a kansa, ba mai ganinsa sai ni da Binta da madubi. Sunan da aka laƙaba min kuwa, Alhaji Mai Gona, shi ba ya buƙatar a cire hula.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi abin da kake jin kunyarsa a cikin birni, ka tsaya a bakin lungu ka faɗa da bakinka tun ranar farko. Za a yi maka dariyar yini ɗaya a wuce wurin. In ka ce za ka ɓoye, to ka shirya jin sa daga bakin yayanka, da ƙarfi, ana yi wa kurma bayani.