Kawo Takardar Bankin Matarka

Hoto takwas. Takardar rantsuwa ta shekarun haihuwa. Wasiƙar mai unguwa. Katin asibiti. Kwalin maganin hawan jini, babu ko ƙwaya a ciki. Kujerar roba ɗaya, saboda layi. Kayan da muka ɗauko ke nan daga unguwarmu Barkin Sale a Minna, ni da maƙwabcina Ndakotsu, mu biyu a bayan ɗan kabu-kabu ɗaya, kujerar kife a kaina kamar malafa. Motata na layin mai, kwananta uku tana jiran rahamar Ubangiji.

Ndakotsu direba ne. Shekara ashirin da shida yana tuƙa wa wani kamfani mota, kamfanin ya mutu, hawan jini kuma ya shanye masa hannun hagu. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: tallafin wata-wata da zai ishe shi sayen magani. Mako biyu ke nan bai sha ba. Likita ya ce masa bugu na biyu ba ya sallama.

Masu ba da tallafin, mu kira su Kwamitin Share Hawaye. Ranar da aka ƙaddamar da su an kafa rumfa goma, an yanka shanu, an raba huluna masu hoton shugaban kwamitin, Mai Girma Garkuwan Marasa Galihu, Allah Ya ƙara masa tumbi. Shi da kansa ya yi kuka a gaban 'yan jarida. Hawayensa dai an share. Na sauran jama'a ana kan tantancewa.

Zuwanmu na biyar ke nan. Jami'in da ke karɓar takardu, Oga Garba, ya juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir.

"Baba, kana da mata?"

"Ina da, ranka ya daɗe."

"Tana sana'a?"

"Tana sayar da busasshen kifi."

"To, sai ka kawo takardar bankinta ta wata shida. Mu ga abin da ke shiga da abin da ke fita."

Ndakotsu ya dube shi kamar an ce ya tuɓe wando a kasuwa. "Ai ni ne mara lafiyar, Oga. Ita lafiyarta ƙalau."

Na sa baki. "Wace doka ce ta ba ku ikon leƙa asusun wadda ba ta nemi komai a wurinku ba?"

"Umarni ne daga sama."

"Saman wa?"

"Malam, kai ne mai nema, ko ɗan rakiya?" Ya juya ga Ndakotsu. "Mun gano wasu na ɓoye dukiya a asusun matansu, su zo nan suna marairaicewa."

Sun gano! In ka ga ɓarawo ya shigo ɗaki ya nufi ƙarƙashin katifa kai tsaye, to can yake ajiye nasa. Wa ya koya wa garin nan sa gida da fili da kwangila da sunan uwargida? Ba direbobi ba ne.

Muka biya ta banki. Wata ma'aikaciya, Phoebe, ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba ma ba miji, ba ma ba kwamiti. Sai mai asusun ta zo da ƙafarta ta sa hannu, ko alƙali ya ce." Wato 'yan kwamitin su kansu sun san ƙofar a rufe take. Shi ya sa suka aiki miji ya haura katanga.

A hanya Ndakotsu ya ce min, "Injiniya, shekara talatin da ɗaya muna tare da Mariyamu. Ban taɓa sanin nawa ne a ɗaurin zanenta ba. Kifin da ke shiga miyar gidana ma saya nake a hannunta, kamar kowa. Haka ubana ya yi da uwata a Bida. Kuɗin mace nata ne. Ci da sha da magani nawa ne. Da wane baki zan tambaya?"

Ni na yi karatu a ƙasar da miji da mata ke zuba albashi a asusu ɗaya, su raba kuɗin wuta har kwabo. Can ma hukuma na tambayar abin da matarka ke samu. Bambancin, can in sun gama tambaya suna biya. Da wannan ilimi mai tsada na ce masa ya bar min, ni zan yi mata magana. Ya ce kada. Na yi.

Na tarar da Nna Mariyamu, kamar yadda muke kiran matar tasa, a tsakar gida tana jera kifi a kwando. Na yi bayani dalla-dalla, har da ɗaga yatsa.

"Injiniya, bokon da ka je ƙetare ka karanto ke nan? Leƙen jakar matan mutane?"

"Nna, takarda ce kawai."

"Takarda! Ni ce uwar adashin layinmu a kasuwa. Mata ashirin da huɗu ke zubi a asusun nan, kowace da sunanta. Wata tana tara kuɗin makarantar 'ya'ya, mijinta bai sani ba, don in ya sani ya ƙara aure. Wata kuɗin tiyata. In takardar ta shiga ofis da hantsi, kafin la'asar mazan Minna sun haddace ta. Sannan 'yan kwamitin su ce mijina mai kuɗi ne, su hana shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ta tsaya. "Tsaya tukuna. Tallafin me yake nema?"

"Na magani. Ai ya ƙare mako biyu ke nan."

Ta ajiye kifin da ke hannunta. Ashe kullum da safe Ndakotsu na ɗauko kwalin a gabanta, ya juya baya, ya kurɓi ruwa kamar ya haɗiyi ƙwaya.  Ta ɗauko gyale.

Washegari mu uku muka je, da kujerar. Nna ba ta bi layi ba, ta wuce kai tsaye gaban Oga Garba.

"Ɗana, kai ne mai son ganin asusuna?"

"Mama, ƙa'ida ce."

"Madalla da ƙa'ida. Ka ɗauko takardar bankin matar shugabanku ka ajiye a teburin nan, in ajiye tawa kusa da ita, mu karanta wa jama'a."

'Yan layi suka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce, "A fara da ta manya, Nna, mu ma mu sha labari!"

Ta sunkuya, ta rage murya, amma ba sosai ba. "Kuma ka yi tunani. Matan ma'aikata ma suna zubi a wurina. Akwai sunan da in ka gani, tuwon gidanka ba zai haɗiyu ba yau."

 Oga Garba ya soma gyara takardun da ba su karkace ba. Ban san ko matarsa na cikin adashin ba. Shi ma bai sani ba, kuma da alama zai daɗe yana lissafi.

Nna ta juya ga mijinta, ta damƙa masa sabon kwali a hannun dama. "Sha, a gabana, kada ka juya baya. Magani daga yau ni zan saya. Kifi kuwa, ba ragi."

Ya sha. Ya tattara hotunansa takwas ya zuba a aljihu. Da muka fito ya ja ƙofar ofishin da hannunsa mai lafiya har ta yi ƙara.

"Na fasa zama talakansu," in ji shi. "Su riƙe tallafinsu, ta riƙe asirinta."

Sai a bakin titi na tuna na baro kujerata a ciki. Na koma, aka ce ta zama kayan ofis. A rubuta, don kada a ce ba a yi aiki ba: ranar an samu tallafi ɗaya da ya isa hannun mabuƙata, kujerar roba ɗaya.